Kwanon da Ba a Zuba wa Ruwa

Aike ne fa kawai. Da la'asar sakaliya Tamimu ya bugo wa Hambali waya daga asibiti, matarsa na kan gwiwa. Ya roƙe shi ya je sitonsa da ke unguwar Highbridge ya ɗauko masa kwanon nan ya kai gida, don gobe masu gwanjon kayan tarihi za su zo ɗauka.

"Kwali ne mai jan tef. Kada ka buɗe. In ma ka buɗe, don girman Allah kada ruwa ya taɓa shi."

"Ni yaro ne?"

"A'a, mutumina. Gam ɗin da ya riƙe shi tsoho ne, shi ya sa."

Hambali ya ce to, ya kashe waya, ya ja tsaki. Wai gam!

Jirgi ɗaya ya kawo su New York daga Yamai. A tebur ɗaya suka fara kasa gumakan katako da duwatsun wuya a bakin titi, sanyi ɗaya ya gasa musu fuska. Yau Hambali yana nan a teburin, Tamimu kuwa ya yi gaba. Tun ranar da ya sayi tarkacen wani tsoho da ya mutu ba magaji, ya tsinci kwanon tangaran cikin tsofaffin labulaye, komai nasa ya buɗe. Ga shago, ga takardun zama, ga shi yanzu har haihuwa. A masallacin unguwar Morrisania Alhaji ake ce masa, mutumin da ko hanyar Makka bai taɓa gani ba. Shi kuwa Hambali, shi da matarsa Habsatou ko ɓari ba su taɓa yi ba. Wannan ita ce ta fi ci masa rai, kuma wallahi hassada yake yi, ya san da haka.

Yana wurin ranar da wata Baturiya mai farar safar hannu ta zo duba kwanon. Ta ce aikin Kashan ne ta ƙasar Farisa, ya kai shekara ɗari takwas, daga ƙasa aka tono shi. Ta bi rubutun bakinsa da ɗan yatsa, ta ce addu'a ce: albarka da arziki da lafiya ga mai shi. Ita ado ta gani. Hambali kuwa, wanda kakansa ya raina da rubutun sha, ya san abin da ake yi da rubutu a cikin kwano. Tun daga ranar ya yanke cewa Tamimu sha yake yi a ɓoye, yana rufe bakin mutane da zancen gam.

Rana ta yi ja lokacin da ya isa. Ginin siton shiru, dogon lungu ne da ƙofofin ƙarfe a jere. Fitilun wurin sai sun ga motsi suke kamawa, in ka tsaya cik su mutu. Warin ƙura da kafur ya cika ko'ina. Daga nesa jirgin ƙasa ya wuce, bene ya ɗan girgiza.

Ya ɗaga ƙofa, ya ga kwalin. Da ɗauka ya yi ya fita, da ba labari. Amma ina! Ya durƙusa ya ɓare tef, ya yaye auduga.

Kai, kwanon nan ya haɗu. Shuɗi ne mai ɗaukar ido, da baƙin zane a ƙarƙashin sheƙinsa, ba shi da nauyi sai ka ce busasshiyar ƙwarya. A tsakiya ƙananan kifaye sun yi da'ira. A gefensu wata mata na zaune, fuskarta zagayayya, kitsonta har gadon baya. Layin tsohuwar karaya ya ratsa ta kafaɗarta zuwa baki.

"Kai kaɗai za ka ci duniya?" in ji Hambali ƙasa-ƙasa, kamar Tamimu na gabansa.

Ya zaro gorar ruwan da Habsatou ta ba shi da safe, ta yini a mota har ta yi ɗumi. Ya buɗe baki zai yi bisimilla, kunya ta kama shi. Yaya mutum zai ambaci sunan Allah a kan cin amana? Ya fasa, ya tsiyaya.

Cuuu! Kamar an zuba ruwa a kan dutsen murhu. Kwanon ya shanye tas.

Ya juye sauran duka. Wannan karon ruwan ya tsaya. Ya sa yatsa ya cuɗa rubutun, ya zagaya bakin kwanon yadda kakansa ke wanke allo.

Fitila ta mutu.

Saura ɗan jan hasken almuru daga tagar ƙarshen lungu. Sai wani ƙamshi ya taso, na ƙasa idan ruwan fari ya sauka, da na furen wardi, da ƙaurin hayaƙi can ƙasa-ƙasa.

Ya kafa kai.

Ruwan da ya zuba da ɗumi, yanzu sanyinsa har cikin haƙori. Daɗi kuwa, tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa shan irinsa ba. Wani abu mai santsi ya gogi leɓensa ya wuce.

Kifi.

"Ƙara sha."

Raɗa ce, daf da kunnensa. Ba Hausa ba ce, ba Larabci ba, amma ya gane sarai. Ya haɗiya, ya sake haɗiya. Ruwan bai ragu ba.

Ya so ya sauke kwanon. Hannuwansa suka ƙi.

Awarwaro suka yi ƙara a bayansa. Yatsu masu sanyi suka sauka a ƙeyarsa, a hankali, kamar mai lallashin yaro.

"Kowa kallo yake yi ya wuce. Kai kaɗai ka sha."

Waya ta ɗauki kuka a aljihunsa, kiɗan da ya sa wa Habsatou. Yatsun suka tsaya.

"Wace ce?"

Ya sake haɗiya.

"Ita ke ba ka ruwa?"

Yatsun suka matse.

"Ta daina."

Aka danna kansa. Ruwa ya shiga hanci, ya rufe ido, ya rufe kunne. A ƙasa ya ga kifaye suna zagayawa, ya ga gurbin matar nan fayau, ba kowa. Ƙirjinsa ya ɗauki wuta. Ya shure kwali, ya shure ƙofa. Mutum zai nutse a cikin kwano, a hawa na uku, a tsakiyar New York.

Ƙas!

Gam ya jiƙa ya saki. Kwanon ya rabe a hannunsa.

Fitila ta kama. Ruwan da ya zube a rigarsa bai wuce cikin gora ɗaya ba. Ya tattara gutsattsarin cikin kwali ba tare da ya kalli fuskar matar ba, ya fita a guje yana tari, ko ƙofa bai ja ba.

A daren nan matar Tamimu ta haifi namiji. Washegari Hambali ya kai kwalin, ya ce suɓuce masa ya yi. Tamimu ya taɓa audugar, ya ji ta jiƙe, ya daɗe yana kallonsa.

"Kai dai tunda ba ka ji ciwo ba, shi ke nan. Dama a karye na same shi."

Hambali ya kasa daurewa. "Tsakaninka da Allah, ba ka taɓa sha a ciki ba?"

"In sha? A kwanon da aka tono daga ƙasa? Haba, mutumina!"

Masu gyara suka sake haɗa shi. Guntu ɗaya ne aka rasa, kamar farcen ɗan yatsa, aka cike gurbin. Aka yi gwanjo, wani da ba a faɗi sunansa ba ya saya, kwano ya bar ƙasar. Shagon Tamimu kuwa sai ƙara cika yake yi.

Shi Hambali tun daga ranar ƙishirwa ba ta sake shi ba. Habsatou ta kawo ruwan sanyi, ta kawo zoɓo, ta roƙo zamzam a maƙwabta. Yana sha, amma kamar yashi yake haɗiya. Yanzu ko shagon Tamimu ko jaririnsa ba sa damunsa. Wanda yake kishi shi ne mutumin da bai sani ba, wanda ke zaune a wani ɗaki yana kallon kwanon nan shi kaɗai.

Mutane sun ce ya rage magana. Gaskiya ne. Guntun da aka rasa yana ƙarƙashin harshensa, a nan ya tsince shi tun a mota. In ya tsotsa, ɗigo ɗaya mai sanyi yakan sauka a maƙogwaronsa, da shi yake rayuwa.

Ran sunan jaririn guntun ya kai farce. Jiya da magariba ya taɓa shi da harshe, bai fi ƙwayar shinkafa ba.