Jinin Aro

A wata firamare a Akurba akwai wata 'yar aji huɗu mai suna Daso. Ba ta tsoron bijimin babanta, amma da ta ga allura sai ta nemi wurin ɓuya.

Daso tana fama da dundumi. Da rana ta faɗi, sai ganinta ya dushe.

Ran nan ma'aikatan lafiya suka zo ɗibar jinin yara. Malamar ajinsu, Malama Cordelia, ta ce, "Za a auna bitamin A, sinadarin da ke gyara ido. Wanda nasa ya yi ƙasa, za a ba shi magani."

Aka ba kowa 'yar kwalba mai sunansa, ana shiga ɗakin ɗibar jinin ɗaya bayan ɗaya. Daso ta ja ƙawarta Wandoo gefe.

"Don Allah ki shigar mini."

"Kai! Ni na riga na shiga fa."

"Sa hijabina, ba mai ganewa."

Wandoo uwar son wasa ta zura hijabi, ta karɓi kwalbar Daso, ta je ta miƙa ɗaya hannun.

Bayan sati uku sakamako ya dawo daga ɗakin gwaji. Malama ta ce, "Daso, jininki lafiya lau." To ina abin mamaki? A gidan su Wandoo kullum miyar ganye da manja ake sha. Yara bakwai suka sami magani, ban da Daso.

Da magariba ta tafi ɗaure maruƙa, ta yi tuntuɓe da ƙwaryar nono. Nono ya malale ƙasa.

Inna ta ce, "Ba an ce idonki lafiya ba?"

Daso ta fashe da kuka. "Inna, jinin ba nawa ba ne, na Wandoo ne."

Inna ta riƙe baki. "Yau na ji ikon Allah! Har jini ake aro? Ai kayan aro ba ya rufe katara."

Washegari yaran biyu suka ba Malama haƙuri. Inna ta kai Daso asibiti. Daso ta runtse ido, ta miƙa hannu.

"Yaushe za a fara?"

"Ai an gama," in ji ma'aikaciyar asibitin.

Gwaji ya nuna bitamin ɗinta ya yi ƙasa ƙwarai. Likita ya ce, "Da an ƙara jinkiri, da idon ya lalace." Ya ba ta magani, ya ce ta riƙa cin zogale da gwanda da hanta.

Kafin sati ya zagayo, bayan faɗuwar rana, Daso ta hango mahaifinta tun daga nesa.

"Inna, ga Baffa can! Ina ganinsa sarai!" Ta ruga da gudu, murna fal cikinta.

Daga ranar Daso ta gane: wanda ya yi wa likita wayo, kansa ya cuta.