Sandar Tagulla a Gindin Tsamiya

A shekarar da sabulu ya yi wuya a kasuwar Bodinga, Attahiru ya dawo hutu daga jami'a da wata 'yar kwamfuta. Aikinsa na kammala karatu shi ne ya rubuta mata umarni da yarenta, ta riƙa kwaikwayon halin wata ƙwayar lantarki irin ta cikin rediyo, a san yadda za ta yi tun ba a ƙera ta ba. Mahaifiyarsa Inno ba ta gane komai ba, amma duk wadda ta shigo sai ta sha labari.

Don kada wuta ta ƙona masa na'ura, ya kafa sandar tagulla a gindin tsamiyar bayan gida, ya ja waya zuwa ɗaki. Bai yi sallama ba, bai nemi izinin kowa ba. Ɗan boko ne.

Wata rana da magariba, ana shirin tuwo, Inno ta ji Attahiru na kiranta daga bayan gida, alhali ga shi zaune gabanta. Tsakuwa ta faɗo a kwanon miya. Ƙanwarsa Atika ta ajiye muciya, ta juyo a hankali, ta yi magana da muryar yayanta. Tsoro ya kama kowa.

Aka ɗauko Malam Ummaru daga Shagari. Ya daɗe yana karatu a kan Atika kafin ya tambayi mai maganar abin da aka yi masa.

"Ɗana na kwance anka soka mai ƙarhe ga wuya," in ji muryar. "Kullum wanga yaro yat tada injin nai, wuta na bi. Ɗana ba shi magana yanzu. An ce injin nai gwanin kwaikwayo na. Ni ma na iya."

Malam ya yi masa tayin rago, ya ƙi. Aka cire sandar a gabansa, bai huce ba. Murya yake so a madadin murya, ko ta yarinyar ko wadda ya ara. Malam ya hana kowa amsawa, ya ci gaba da karatu. Amma Atika ta fara shaƙewa, idanunta na juyawa.

"Riƙe tawa," Attahiru ya ce. "Sakam mini ƙanwa."

Iska ta kaɗa tsamiya, Atika ta yi atishawa ta buɗe ido. Da muryarta ta kira sunansa. Ya buɗe baki zai amsa, murya ba ta fito ba. Inno ta ɗora hannu a ka.