Wanzamin da Ya Mayar da Allurarsa

Ku matso nan, 'ya'yana. Don kun yi gemu ba shi zai hana ku sauraro ba.

A zamanin da, lokacin da masu sana'a suka san sana'arsu, an yi wani wanzami mai magani da allura. Ba ya soka inda ke ciwo. Sai ya bi jijiya da babban yatsa, ya taɓa ya saurara, ya taɓa ya saurara, har ya gano inda ciwon ya ƙulle, sannan ya soka.

Da tsufa ya kama shi, yatsan ya daina ji. Ba wanda ya sani sai shi.

Ran nan wata maginiyar tukwane ta zo, hannunta na dama ya sandare.

Ta ce, "Baba, da hannun nan nake ci. Ka taimake ni."

Ya taɓa ya saurara, shiru. Ya sake taɓawa, shiru. Zuciyarsa ta ce, "Shekara hamsin kana wannan aiki, soka kawai, wa zai gane?" Amma ya san in allura ta kauce kaɗan, hannun ya tafi ke nan.

Ya mayar da allura cikin zabira, ya ce, "'Yata, yatsana ya mutu. Je ki wurin wanzamin ƙetaren rafi."

"Wanda ba ku ga maciji?"

"Shi fa."

Ta je, ta warke, ta ba da labari a kasuwa. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara sallama a zauren tsohon wanzamin.

Mutanen garin har yau gardama suke yi: wane wanzami ne ya warkar da hannun nan? To, ku raba mini ita.