Farantin Yaya Mastura

"Ba zan kai ba!"

Zebo ta ɗaure hannayenta a baya, ta kafe ni da idanun nan na uwarta. Shekararta tara, amma in ta kalle ka haka sai ka ji kai ne yaron.

"Zebo, gidan Rayhon ne fa, nan ƙarshen layi. Ɗauki ki kai musu kafin a sha ruwa."

"Ba a wannan farantin ba, Hola."

Hola, wato ƙanwar uwa. Wata huɗu da ɗaura aurena da babanta, har yau ni Hola ce. Ba ta zagina, ba ta yi mini rashin kunya. Abu ɗaya ne: ba ta yarda in taɓa kanta. Tun rasuwar uwarta, Yaya Mastura, shekara ɗaya da rabi, ita ke wanke gashinta, ta tufke shi yadda ta ga dama.

Jajiberen Ƙaramar Sallah ne. Unguwarmu a garin Margilon ta cika da ƙamshin shinkafar osh, yara na ta zirga-zirga da farantai a lulluɓe, wannan gida ya aika wa wancan. Ni kuwa na sauko da babban farantin nan shuɗi na kayan auren Yaya, na tula shinkafa, na jera tsokar rago a sama.

Na san yadda Yaya ke yi. Kowane gida takan aika a faranti mai kyau, amma na Rayhon sai ta zuba a kan gurasa, ta kife da wata, ta naɗe a takarda. Na sha gani ina jin kunya a madadinta. Matar da mijinta ya tafi Rasha neman aiki shekara huɗu, ba shi ba labarinsa, ya bar ta da 'ya'ya uku, ita za a aika wa abinci a takarda?

"Saurara, 'yar nan," na ce. "Talaka ma mutum ne. In za ki ba shi, ki ba shi a abin da ya fi kyau a gidanku. Yau zan koya miki kyauta."

"Oyi ba haka take yi ba..."

Oyi take kiran uwarta, kamar kowane yaro a garinmu.

"Allah ya jiƙan Oyi, amma a nan ta gaza!"

Sai da maganar ta fita na ji nauyinta. Iska ta kaɗa ɗankwalin girkin Yaya da ke rataye a ƙusa gefen tanderu, wanda har yau ba mai ƙarfin halin saukewa. Na kau da kai, na ɗauki farantin da kaina, na ja hannun Zebo.

Rayhon na buɗe ƙofa ta ja da baya, ta dafe ƙirji.

"Mastura?!"

"Sanobar ce, ƙanwarta."

"Wayyo, yi haƙuri... kamar ta yi yawa."

Sai idonta ya sauka a kan farantin. Ta yi godiya, ta sa albarka, amma ta daɗe tana kallonsa kafin ta karɓa. A bayanta wata kaza wake-wake na tono a tsakar gida, 'yar autarta na bin ta tana dariya. Zebo ba ta gaishe da kowa ba, kazar kawai take kallo.

Da muka dawo, Elyor, mijina, yana wanke hannu a bakin famfo. Ya dubi Zebo da ta shige ɗaki, ya dube ni.

"An kuma ke nan?"

"Elyor-aka," na kira shi da lakabin girmamawa, "na gaya maka. In Sallah ta zo ba ta yarda na yi mata kitso ba, gidan mahaifiyata zan koma. Ba zan zauna ina ƙona zuciyar marainiya ba."

"Ni fa, hasken idona? Tawa zuciyar ta dutse ce?"

"Kada ka kira ni haka. Ita ka saba kira."

"Sanobar..."

Na juya masa baya. Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Tun ranar da ya zo neman auren Yaya, ina 'yar shekara goma sha shida na kai masa shayi, nake son sa. Na binne abin shekara goma. Da ta rasu na yi kuka har muryata ta dushe, amma har yau ina tambayar kaina ko akwai wani lungu a zuciyata da bai yi kukan ba. Shi ya sa a gidan nan nake jin tarinta a bayan ƙofa, nake jin idonta a ƙeyata duk lokacin da ya yi mini murmushi.

Da safiyar Sallah maza suka dawo daga idi da ziyarar maƙabarta. 'Yan mata na wucewa a layi da kalba arba'in-arba'in suna yauƙi, Zebo kuwa na zaune a dakali da tufkarta a karkace.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Babbar 'yar Rayhon ce, ɗauke da farantin shuɗi a lulluɓe da farin ƙyalle. Idanunta sun yi ja.

"In ji Oyi, a ci Sallah lafiya."

Ta miƙa mini ta juya da gudu. Na ɗaga ƙyallen. Kaza ce guda, dafaffiya, an yi mata ado da albasa.

Zebo ta leƙo. Sai ta saki wata irin ƙara.

"Wake-waken ce! Ita kaɗai gare su! Ita ke yi musu ƙwai!"

Na zauna a ƙasa da kayan Sallata. Wa ya tashi a Margilon bai san faranti ba ya komawa gidansu wayam ba? Ni kaina tun ina ƙarama ake aikena in mayar, ko da ƙwayar gyaɗa huɗu ce a ciki. Amma faranti irin wannan, da nama a tule, ba a mayar da shi da gyaɗa. Na sani sarai. Gasar da nake yi da matacciya ce ta rufe mini ido.

"Gurasa ba a mayar da ita!" Zebo na kuka tana dukan kafaɗata. "Oyi ta ce a cinye abinci, a cinye mazubin, shi ke nan, ba wanda zai ji kunya! Ke kika ce ta gaza!"

"Me ya sa ba ki gaya mini ba, Zebo?"

"Ta ce sirrinmu ne! Ta ce in na faɗa wa wani, na tona musu asiri!"

Na shiga ɗaki na cusa kayana a jaka. Elyor ya tare ƙofa.

"Yau Sallah, Sanobar. Don Allah..."

"Na zo koya wa yarinya kyauta, na yanka wa yara uku kazarsu. Matsa mini."

A tsakar gida na tsaya gaban ɗankwalin nan. Na kai hannu na taɓa shi, karo na farko. Har yanzu akwai ƙaurin hayaƙi a jikinsa.

"Yaya, ki yafe mini," na ce a hankali. "Na shigo gidanki, na so abin da kika so, har na ce na fi ki. Ban kama ƙafarki ba."

"In kin tafi, wa zai gasa gurasar Babbar Sallah?"

Zebo ce a bayana, tana jan hanci.

"Ni hannuna ba ya kai cikin tanderu. Dada kuma ƙonawa yake yi."

"Sau ɗaya ne fa!" in ji Elyor, Dadan nata, daga ƙofa.

Na durƙusa a gabanta. "Kazar fa? In na saya musu wata, sai sun nemo abin ramawa."

Ta ɗaga kafaɗa. Ta zuba mini ido tana jira, kamar yadda uwarta kan yi in ta ba ni aiki tana so ta ga hankalina.

Na ce, "To... mu sayi kaji biyu, namu na kanmu. Mu je mu roƙi Rayhon ta taimaka ta riƙe mana, don magen gidanmu ba za ta bar su ba. Ƙwai kuma na mai kiwo ne."

"Ba mu da mage, Hola."

"Sai mu samo. Kin ga ba mu yi ƙarya ba."

Bakinta ya motsa, ta danne dariyar. Ta shiga ɗaki, ta fito da matajin katako na Yaya. Ta ture jakata da ƙafa, ta zauna a tsakanin gwiwoyina.

"Arba'in Oyi ke yi mini. Kada ki ja da ƙarfi."

Na kwance tufkar. Na fara tajewa daga gaba. Da na kai ƙeya, matajin ya sarƙe da wani abu. Na ɗaga gashin.

Kalba ce guda ɗaya, siririya, ta tsufa ta cukurkuɗe. Sabon gashi ya tsiro ya sauko da ita har kafaɗa, amma na gane hannun. Yaya ce kaɗai ke ƙulle bakin kalba da jan zare.

Zebo ta kai hannu ta rufe ta.

"Wannan ki bar ta."

"Zan bar ta, 'yata."

Ba ta gyara mini kalmar ba. Hawayena na ɗiga a gashinta, na yi mata talatin da tara.