Ɓarawon da Ya Share Hanya

Da hantsi aka kawo ƙara ofishin 'yan sanda: an shiga gidan wani tsohon direba jiya da rana, an ɗauke awarwaron zinaren marigayiyar matarsa. Insifekta ya ture shayinsa, ko kurɓa bai yi ba, ya ɗauki hula.

Gida ne kamar kurkuku. Ƙofar ƙarfe mai makulli uku da sakata, tagogi duk an gindaya musu ƙarfe. Abinci ma ta taga maƙwabciya ke miƙowa. Wallahi ko tsuntsu aka ajiye haka sai ya daina kuka.

'Yar tsohon ce ta tare shi a bakin ƙofa, ta iso daga garin da take aiki, jakarta na rataye a kafaɗa.

"Ni na biya aka yi duk wannan, yallaɓai. Na ce kada ya buɗe wa kowa. Mantuwa ta sa ya bar ƙofa a buɗe ya yi barci. To magana ta ƙare, zan tafi da shi, a sayar da gidan."

"Ba inda za ni," in ji tsohon daga bakin gado. Idanunsa sun yi fari, sai dai ya bi murya. "A ɗakin nan uwarki ta cika."

Insifekta ya tsaya yana nazarin ɗakin. An zazzage akwati, an watsar da tufafi, an kife kwanuka. Amma daga bakin gado zuwa ƙofar banɗaki, fes, ko tsinke babu. Sandar tsohon kuma tana jingine daidai hannunsa na dama.

"Ke kika gyara nan?"

"Ban taɓa komai ba."

"Baba, a ina ka bar sandarka kafin ka kwanta?"

"A falo, ina tsammani."

"Wa ke shigo maka?"

"Ba kowa, ɗana. Ni da rediyo ne."

Ya faɗa da sauri, irin saurin mai gudun tambaya ta gaba. Zufa ta karyo masa, ya cire hula yana fifita. Kan nan ƙwal, sabon aski, har da ɗan yanka a bayan kunne.

Insifekta ya ƙura wa kan ido. Makaho dai ba ya yi wa kansa aski har ƙeya.

Ya leƙa gidan maƙwabciyar, ya tarar tana shanya a tsakar gida.

"Ni ban ga kowa ba. Ina ruwana da ƙofar mutane?"

"Ke kike masa aski ke nan?"

Ta saki zanen da ke hannunta. "Haba yallaɓai! To, mai askin bakin titi ne. Duk mako yana zuwa, su sha shayi, su yi ta hirar motocin zamanin da. Baba ne ya roƙe ni kada 'yarsa ta ji. Mutum ya wuni ba wanda ya ce masa sannu, ni kuma in toshe masa wannan?"

Mai askin mutum ne mai furfura a gemu, shagonsa kujera ɗaya da madubi mai tsaga. Yana wasa aska lokacin da Insifekta ya shiga.

"Yaushe rabonka da gidan tsohon direba?"

"An kwana biyu. Ban ma san cikin gidan ba sosai, a bakin ƙofa nake masa."

"Madalla. Zo mu je ka yi masa jaje."

Kafin su shiga, Insifekta ya leƙa shi kaɗai, ya jawo wata 'yar kujera ya dasa ta a tsakiyar hanyar banɗaki, ya mayar da sandar bayan ƙofa. Sannan ya kira mai aski.

"Baba, sannu da wannan abu," in ji mai aski, murya ƙasa ƙasa.

Fuskar tsohon ta washe, sai kuma ya tuna, ya haɗe rai. Abin ya ba Insifekta tausayi ƙwarai.

"Baba, taso ka nuna mini banɗakin."

Tsohon ya lalubi gefen dama, ba sanda. Ya miƙe haka nan, ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu. Kafin gwiwarsa ta kai ga kujerar, ƙafar mai aski ta riga ta ture ta gefe, hannunsa ya zaro sandar daga bayan ƙofa ya danƙa masa a dama, ko dubawa bai yi ba.



"Kai da ba ka san cikin gidan ba," in ji Insifekta. "Ɓarawon waje ba ruwansa da inda makaho zai taka. Wanda ya hargitsa ɗakin nan ya ji tsoron kada mai gidan ya farka ya faɗi."

Mai aski ya durƙushe. "Ni ne. Ya sha maganinsa barci ya kwashe shi, na san inda gwangwanin awarwaron yake, shi da kansa ya sha nuna mini. Na watsa kayan don a ce baƙo ne. Awarwaron na cikin akwatin askina, ban iya sayarwa ba. Baba, na ci amana."

"Na sani," in ji tsohon. "Tun jiya na sani. Da na sauko ban yi tuntuɓe ba."

'Yar ta dafe ƙirji. "Ka sani, Baba? Ka bari ina cewa mantuwa ce, har zan raba ka da gidanka?"

"In na faɗa, wa zai ƙara ƙwanƙwasa ƙofar nan?"

A hankali ta sauke jakar daga kafaɗarta, ta zauna a gefen gadon.

Insifekta ya sa wa mai aski ankwa, ya tasa shi gaba. Sun kai bakin ƙofa ke nan tsohon ya ɗaga murya.

"Ɗana."

"Na'am, Baba."

"Can inda za ku kai shi, ana barin mutum ya je ziyara?"