Tela Ya Koma Ɗalibi

"Na faɗa, na kuma maimaita! Babu saurayin da zai sake yi mini sallama sai kin ci jarrabawar nan!"

Abba ne ke faɗa a tsakiyar falo, yana kaɗa jan biro kamar har yanzu shi ne hedimasta. Auta, ƙaramar 'yarsa, tana durƙushe tana sharɓar kuka. Karo na biyu ke nan ta faɗi jarrabawar shiga jami'a, kuma wallahi ba daƙiƙiya ba ce. A gida kanta na ja, amma da ta shiga hol ɗin jarrabawa aka ce "ku fara", sai tsoro ya kama ta, komai ya goge fes.

"Abba, tenshin ne fa..."

"Tenshin ɗin gidanku!"

"Ai gidan naka ne, Malam," in ji Umma daga kicin.

Wanda hukuncin ya faɗa wa shi ne Tela, saurayin Auta, mai shagon ɗinki a bakin titi, wanda rabonsa da aji har ya manta. Bai yi fushi ba. Ran nan sai ga shi da jakar makaranta a baya, gemu da komai.

"Abba, ba zance na zo ba. Rajistar jarrabawar na yi, lesin nake nema."

Abba ya dube shi sama da ƙasa. Tsohon malami ya kori ɗalibi? Ina! Ya harare shi ya ce, "Auta, koya masa. A nan, a gabana!"

Kai, Auta ta ga ta kanta! Ta zana masa murabba'i ta ce ya nemo faɗinsa, ya ƙura ido ya ce, "Yadi biyar zai isa, har da ɗankwali." Ta bayyana, ta sake bayyanawa, har muryarta ta dushe. Wata rana ta fashe da kukan takaici ta ce, "Don Allah kanka kuwa lafiya?" Ya ce, "Sori, Malama, a sake." Abba na bayan jarida, kafaɗunsa na girgiza.

Ranar jarrabawa hol ɗaya suka faɗa, shi yana can gaba. Aka ce "ku fara", tsoron ya taso mata kamar kullum. Ta ɗaga kai, sai ta hango ƙeyar Tela sharkaf da gumi, yana ƙirga da yatsu. Ta dubi tambayar farko: wadda ta kusa shiɗewa wajen koya masa ce!

"Wallahi in ya kuskure wannan, sai na ci masa mutunci," ta ce a ranta, ta cike amsar da haushi. Ta biyu ma haka. Kowace tambaya sai ta ji tana yi masa bayani a zuci tana tsaki. Har aka ce lokaci ya cika, ba ta sami sukunin jin tsoro ba.

Da sakamako ya fito, Auta ta ci, ci mai kyau. Umma ta rungume ta suna kuka. Abba ya karɓi na Tela, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Yaro, ko da ido rufe ka cike, ai da ka wuce haka."

Tela ya sunkuyar da kai. "Abba, ni dama ba jami'a nake nema ba."

Idon Abba ya kawo ruwa. "Ni na yi ta yi mata tsawa, kai kuwa ka zauna ta yi maka. Turo manyanka. Amma karatunta ba zai tsaya ba!"

"Ni zan riƙa kai ta, Abba. Iyakata bakin get ɗin jami'ar."

To, iyaye, tsawa ba ta korar tsoro, ƙara shi take yi. Ku kuma masoya, in aka rufe muku ƙofa, ku yi haƙuri ku nemi ta mutunci, ko da za ku sha kunya a gaban jama'a.