Zoben da Ya Maƙale a Yatsar Naila

"Cire shi!"

Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da na ga Gregory, tsohon Baturen da ke da shagon zinaren, ya saki ɗan madubin da yake duba duwatsu da shi.

Naila ta juyo a hankali tana wani yauƙi da hannu. Farin zinare ne, da ƙaton daimon a tsaye a kansa, yana walwali a yatsarta.

"Ei, Afnan! Ko sallama babu?" in ji Anti Hadisa, yayar saurayina Masawudu.

"Salamu alaikum, Anti, ina wuni. Na ce ta cire shi!"

Daga Woodbridge na taho, ko rigar asibiti ban tuɓe ba. Ina tashi daga aiki ƙawata Sharifa ta turo min hoton da Naila ta saka a Fesbuk: hannunta, zobe, a ƙasa kuma wai "Alhamdulillah". Ina gani na gane shagon nan na Wheaton, don ni da kaina na nuna wa Masawudu shi. Duk cunkoson hanyar 95 ɗin nan ni kaɗai a mota nake zuba masifa.

Naila ƴar ƙanwar mahaifiyar su Masawudu ce. Tun suna Kumasi dangi ke son haɗa ta da Masawudu, shi ya ce a'a.

Ga gogan naku can a lungu, ya sunkuyar da kai.

"Afnan tawa, tsaya ki ji..."

"Kar ka sake ce min taka!"

Anti Hadisa ta gyara gyale. "Meye abin tada jijiyar wuya? Mu a zangonmu na Kumasi mata ke sayen kayan amarya. Namiji ba ruwansa, amarya kuma ba ta gani sai an kai. Zobe ma ai cikin lefe yake. Na ga hannunku ɗaya da Naila, shi ne na zo da ita a gwada."

Hannunmu ɗaya! Wallahi sai da na ji kaina ya sara.

Ni na san irin kukan da na sha a gaban Abba kafin ya yarda ya saurari maganar Masawudu. Abba likita ne, mutumin Kano, bai damu da cewa saurayina ɗan Gana ne mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ba. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai. "Yaron nan ba shi da ta cewa a gidansu, Afnan. Matan gidan za ki aura, ba shi ba." Na rantse masa ba haka ba ne. Mako mai zuwa za su zo gidanmu neman a sa rana, ga shi yau ina kallon maganar Abba da idona.

"Masawudu, kana tsaye aka zura zoben aurena a hannun wata?"

"Na ce kar a saka, Sista ta ce..."

"Sista ta ce! Kullum Sista ta ce! Kai ba ka da baki?"

Naila ta taɓe baki. "Daɗin abin dai cirewa zan yi. Sai ka ce wani abin arziki."

Ta ja zoben.

Bai motsa ba.

Ta murza, ta sake ja, ta cije leɓe... ina! Rana ce ta zafi, hannu ya kumbura, ita kuma da ƙarfin tsiya ta tura shi. Gregory ya kawo ruwan sabulu, Anti Hadisa ta zazzage man shafawarta, yatsar sai ƙara hawa take, har ta fara yin baƙi.

Gregory ya ce da Turanci shi dai ba shi da wata dabara sai ya yanka zoben.

"Innalillahi! A yanka zoben aure tun kafin auren?" Anti Hadisa ta ɗora hannu a ka. "Allah ya kiyaye mu da mugun fata!"

Naila ta fashe da kuka, kukan gaske wannan karon.

Ba zan ɓoye ba, raina ya so in naɗe hannu in sha kallo. Amma ni nas ce a ɗakin gaggawa, yatsa irin wannan na ga yadda take ƙarewa. Na yi tsaki, na zaro zaren sakace daga jakata.

"Miƙo hannun, malama."

Na zura bakin zaren ta ƙarƙashin zoben, na naɗe yatsar da shi tam, na fara warwarewa a hankali, zoben na biyo zaren.

"Kin san ba zai shige ki ba, kika tura," na ce mata ƙasa-ƙasa.

"So nake in ji yadda yake a hannuna... ko sau ɗaya," ta ce, ba ta kalle ni ba.

Na ji tausayinta, kuma hakan ya ƙara min haushi.

Zoben ya fito. Na dire shi a kan gilashin.

"Ga kayanku nan. Na cire shi ne don yatsarta, ba don in saka ba."

Na nufi ƙofa. Masawudu ya sha gabana.

"Matsa min."

"Ba zan matsa ba."

"To amsa min abu ɗaya. Kai ka zaɓe shi?"

"A'a."

"To wa zan aura a cikinku?"

Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Sannan ya juya wajen Anti Hadisa.

"Sista, atamfa da akwati da takalma, duk ki zaɓa yadda kike so. Wannan kam nawa ne. Ku je mota, ke da Naila. Kuma a goge hoton nan yanzu."

"Masawudu! Ni da na goya ka? A gaban bare za ka ci min fuska?"

"Ki yi haƙuri, Sista. Afnan ba bare ba ce."

Anti Hadisa ta figi hannun Naila suka fice, ƙofa ta yi ƙara.

Ya matsa gaban Gregory. Ya ce a mayar da wancan, dutsen ya yi tsini, kuma ni wuni nake da safar roba a hannu, yaga ta zai dinga yi. Ƙarami yake so, a nutsa shi cikin zoben a kewaye bakinsa. Jan zinare, irin warwaron Ummana da nake sakawa ranar Juma'a. Kuma kar a matse zoben, a bar yadda zan juya shi ruwa ya shiga in ina alwala.

Ni dai na tsaya ina kallonsa. Ashe duk yana lura!

Gregory ya shimfiɗa baƙin ƙyalle, ya zuba ƴan duwatsu. Masawudu ya duba wannan, ya duba wancan, ya nuna ɗaya da yatsarsa mai kanta.

"Saura awo," in ji Gregory.

Na ɓoye hannuna a baya.

"Har yanzu haushinka nake ji."

"Na sani, masoyiyata. Ki ci gaba da ji, amma ki ba shi hannun."

Na miƙa, ina hararar sa.

Ranar da suka zo, ina laɓe a saman bene ina leƙen falo. Anti Hadisa ta ajiye ɗan akwatin zoben a gaban Abba, fuskar nan a murtuke. Abba ya buɗe, ya gyara tabarau.

"Ɗan mitsitsin nan? Wa ya zaɓo shi?"

"Shi ne, Alhaji," ta ce da ɓacin rai. "Na zaɓa masa babba ya ƙi. Yaron nan yanzu ba ya jin maganar kowa."

Abba ya rufe akwatin, ya ɗaga kai ya kalli benen, don ya san ina nan.

"Madalla," ya ce. "To, a sa rana."